Zaren Kaka

Ina ɗan shekara tara ko goma na yi wani laifi a gindin masaƙar kakana a Wurno, kuma har yau da furfura ta fara fito mini ban gama ɗaukar karatun da ke cikinsa ba. Da rani ne, an riga an kai amfanin gona gida. Baba Tsoho, haka muke kiransa, ya tashi zai yi alwalar azahar, ya bar ni gadin wadari kada awaki su bi ta kai. Da na ga wuri ya yi tsit, sai na haye mazauninsa, na ɗora ƙafa inda yake takawa, na ɗauki ƙoshiya na jefa yadda nake ganin yana yi. A jifa ta uku zare biyu suka tsinke. Cikina ya ɗuri ruwa. Na lalubo bakin zaren na yi masa ƙulli irin na ɗaurin akuya, na tura shi ƙarƙashin 'yan'uwansa, na koma inda aka ajiye ni na zauna shiru.

Yana dawowa, bugun farko matsefi ya ci karo da ƙullin. Ya tsaya, bai ko ɗaga kai ba.

"Aboki, wa yaƙ ƙulla wanga?"

Na ce ni ne. Na riga na saddaƙar tsumagiya za ta yi aiki, don a gidanmu ba a ɓoye ta. Sai na ga ya zaro 'yar wuƙarsa ya yanke ƙullin, ya ɗora mini a tafin hannu.

"Ba ni ad da zare ba. Shiga ciki ka gwada ma mai shi."

Mai shi ita ce Kaka, matarsa. Na same ta a inuwar ɗakinta, ƙafafu a miƙe, taskira a gefe, mazari na juyawa. Kullum da tsokana take tarbata, tana kirana maigidanta tana cewa ban kawo cefane ba. Ran nan ta dubi abin da ke hannuna ta daɗe, sannan ta ce, "Maigida, zamna nan." Ta miƙo mini mazari da sutu, ta ce in kaɗa mata kamu ɗaya kawai in biya abin da na ɓata. Daga azahar har aka kira la'asar ina fama. Wani wuri zaren ya yi kauri kamar igiya, wani wuri ya sirance ya rabu, mazarin ya faɗi ya gangara, yatsuna suka yi zafi. Ko taƙi guda mai kyau ban samu ba. Da ta ga hawaye ya taru a idona sai ta karɓa, ta dangwali alli, ta murza mazarin sau ɗaya, ta ja hannu sama, zare ya biyo ta santal har iyakar tsawon hannunta.

"Kowane zare da kag gani bisa wadari," in ji ta, "barcin wata na da ba ta yi ba."

Ba a sake ta da maganar ba a gidan. Amma daga ranar na daina kallon saƙa a matsayin sana'ar Baba Tsoho shi kaɗai.

Wanda bai tashi a gidan masaƙa ba, abin da yake gani shi ne namiji a rumfa, ƙafa na taka, hannu na jifa, wadari ya miƙe zuwa can nesa inda kunkuru ke danne da dutse. Wannan kuwa ƙarshen tafiya ne. Kaɗa, kamar yadda muke kiran auduga a wajenmu, takan shigo gida bayan kaka, sai mata su zauna su tsince ganye da ɓawo. Daga nan a yi gurza, a ɗora ta a kan dutse mai santsi a murza da ɗan sandan ƙarfe har angurya ta fice, a ware ta iri, sauran a ba dabbobi. Sai shiɓa da ɗan baka, ana girgiza tsirkiyarsa cikin audugar har ta tashi ta yi laushi kamar kumfa. Bayan duk wannan ne ake soma kaɗi. Shi ma iri biyu ne: akwai abawa mai kauri da ake sa wa a ƙoshiya, wadda ko budurwa mai koyo tana iya yi, akwai kuma siririn zare mai ƙarfi na wadari, wanda sai hannun da ya daɗe. Kaka a wannan ta yi suna a unguwarmu. Allin da take shafa wa yatsu da ƙonannen ƙashi ake yinsa, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa mata mazarin da gululunsa ya yi daidai da hannunta.

Mata huɗu ke kaɗi a gidanmu: Kaka, da Inna, da matar baffana, da Goggo kafin a kai ta ɗakinta a wani ƙauye na ƙasar Goronyo. Su huɗun nan ba su iya ƙosar da masaƙa guda. Dole Baba Tsoho ya ƙara da na dillaliya, ko ya aika kasuwar Achida. Da rana aikin gida ba ya barin su, ga daka, ga surfe, ga girki, ga yara, saboda haka galibin kaɗin na dare ne. In akwai farin wata su shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, in babu su kewaye fitila guda. Duk tatsuniyar da na sani a wannan zama na ji ta. Mu yara maza namu shi ne naɗa zare a kwarkwaro, da kai-da-komo tsakanin turaku ranar wadari, da mayar da kunkuru baya idan saƙa ta janyo shi kusa. Ba wanda ke zaune a banza, har makahon kawun babana da ke zaure, shi ke riƙe zare ana warwarewa.

Wani abu da na daɗe ban fahimta ba shi ne, Baba Tsoho sayen zaren nan yake yi daga hannun matarsa. Ni ne ma ɗan aiken. Zai auna curin a hannu, ya ja bakin zaren ya ji ƙarfinsa, ya ce in je in ce an saya kaza. In shiga ciki in faɗa, Kaka ko kallona ba za ta yi ba, sai ta ce, "Ce ma Malam albarka." In koma, ya ƙara kaɗan. Wata rana sai na yi sawu huɗu kafin a sallama, wata rana kuwa ta ce a bar shi, dillaliya na zuwa gobe, kuma da gaske take. Da ƙuruciya na ɗauka rashin shiri ne tsakaninsu. Yaya mutum zai yi ciniki da matar da suka shekara arba'in tare? Sai da na yi aure na ga yadda ake cinye wahalar mace a gida da sunan ai duk ɗaya ne, sannan na gane abin da tsohon nan ke yi. Ya san ci da sha da sutura hakkinta ne a kansa, ya kuma san abin da hannunta ya kaɗa dukiyarta ce. Bai taɓa haɗa biyun ba.

Amfanin haka ya fito fili a farin 1984. Gero bai yi ba a tudu, rumbunmu bai kai ko tsakiyar rani ba, kuma mai yunwa ba ya sayen gwado. Baba Tsoho ya saƙa ƙore ya tara, babu mai tayawa. Wata safiya Kaka ta aike ni in kira baffana. Ta ce ya kora awakinta biyar kasuwa, ta fito da wasu tasoshi daga ƙarƙashin gado ta haɗa masa, ta ce ya juyo da hatsi. Awakin nan da tasoshin duk daga mazari suka fito, kwabo-kwabo, ta hanyar adashi. Da su muka ga damina. Da a ce shekara da shekaru ana karɓe zarenta kyauta, da ran nan babu abin da za a kora kasuwa, don abin da ke aljihun maigida kullum cikin hidima yake narkewa. Ban taɓa jin ta yi gori a kan wannan ba, shi ma ban ji ya yi mata doguwar godiya a gabanmu ba. Abin da na gani kawai, bayan shekarar ya rage ja-in-ja a ciniki.

Baba Tsoho yakan ce kakanninsa saƙa ce ta kawo su Wurno, kuma tarihin garin bai saɓa wa maganarsa ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya gina Wurno ta zama ribaɗi, ya zauna a cikinta, a nan ya rasu a 1837, kabarinsa na nan ana ziyarta. A littafinsa Usulus Siyasa ya sa kula da masu sana'a cikin nauyin da ke kan shugaba, kuma garin da aka kafa don tsaron iyaka ba ya zaunuwa da mayaƙa kaɗai, sai da maƙera da marina da masaƙa da madunka. Lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya zo a 1853, Wurno ce mazaunin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Garin da sarki ke zaune kuwa garin cin tufa ne: riguna da rawuna na fadawa, da na kyauta ga baƙi da malamai, da na lefe. Gaskiya ba za ta bar ni in tsallake cewa da yawa daga audugar wancan zamani da baban rini bayi ne suka noma su a rinji ba. Wannan ma yana cikin zaren, kuma su ma ba a ambaton su.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, suna kuma neman auduga ruwa a jallo don masaƙun Ingila. Aka kafa injin gurza a Gusau, jirgin ƙasa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, auduga ta riƙa fita ɗanya tana dawowa akoko da alawayyo da atamfa. Daga baya muka yi namu: masaƙar Kaduna ta soma aiki a 1957, da ƙoƙarin Sardauna Ahmadu Bello. Kaka 'yar Rabah ce, garin da aka haifi Sardauna, kuma ba a taɓa shi a gabanta. Ita kanta tana da atamfofi biyu a adaka na zuwa biki. Ban ga laifin talakan da ya sayi yadi mai araha ya rufe jikin 'ya'yansa ba, kuma duk mai cewa a koma zamanin bante bai san tsiraici ba.

Abin da ke damuna daban ne. Kafin yadin kanti ya kashe masaƙi, zaren kanti ya riga ya kashe mai kaɗi. Ya zo da araha, ga shi sumul babu gargada, ga launi iri-iri ba sai an kai marina ba. Masaƙa suka rungume shi, har da Baba Tsoho, don in bai yi ba maƙwabcinsa zai karya masa kasuwa. Da haka maza suka ƙara wasu shekaru a rumfa, mata kuwa aka zare musu sana'a daga hannu ba tare da ko sanarwa ba. Da masaƙar Kaduna ta rufe a 2002 an yi ta magana a rediyo da jaridu kan ma'aikatan da suka rasa abin yi, kuma sun cancanci a yi. Amma matan da suka ajiye mazari a Wurno da Rabah da Goronyo da ƙauyukansu, tun shekaru kafin nan, ban taɓa jin wanda ya ƙidaya su ba. Aikin cikin gida ne, aikin dare ne, bai da ƙofar da za a garƙame a ɗauki hoto.

Na ga abin da ya maye gurbinsa a gidanmu. Matar baffana ta koma tuyar ƙosai, Inna ta koma ƙuli-ƙuli. Sana'o'i ne na halal, sai dai akwai bambanci guda da ban ga ana lura da shi ba. Zare ba ya lalacewa. Mace na iya tara shi wata guda, dillaliya ta zo har ɗaki ta ɗauka. Ƙosai kuwa in bai ƙare da safe ba ya zama asara, don haka dole a sami mai ɗaukar faranti ta fita. Ƙannena mata biyu da tallan nan suka tashi, kuma lokacin fitarsu shi ne lokacin shiga aji. Ni aka bari na yi karatu.

A nan ne nawa laifin na biyu yake, wanda ya fi na ƙulli nauyi. Da na tafi makarantar kwana a Sakkwato, sai na fara jin nauyin a ce jikan masaƙi ne ni. In an tambaye ni sana'ar gidanmu sai in ce noma, in ambaci albasa da tafarnuwa da shinkafar fadama, waɗanda aka san Wurno da su. Ba ƙarya na yi ba, amma na san abin da nake rufewa. Wani hutu Baba Tsoho ya kira ni rumfa ya ce, "Aboki, taho in gwada maka yadda a ka sa zare ga allira, idona ya fara gajiya." Na ce ina da karatun jarrabawa. Hutu na gaba ya sake kira, na sake kawo uzuri. Bai yi na uku ba. Na ɗauka so yake ya ɗaure ni a sana'ar da na ga tana mutuwa. Sai bayan shekaru Inna ta gaya mini cewa a lokacin yakan ɓata rabin yini yana laluben allira da matsefi, zare ɗaya bayan ɗaya, har ya riƙa biyan wani yaron maƙwabta ya zura masa. Aron ido yake nema a wurina na sa'a guda, ya lulluɓe buƙatar da sunan koyarwa don kada ya roƙi jikansa. Tun daga nan, in tsoho ya ce mini zo in nuna maka, nakan ajiye abin da ke hannuna.

Kaka ba ta daina kaɗi ba ko da babu mai saye. A shekarunta na ƙarshe ta daɗe tana tara wani zare siriri da ba ta bari dillaliya ta gani. Da ya taru ta aika wa Baba Tsoho, kuma wannan ne karo ɗaya tak da ba a yi ciniki ba. Ya saƙa zugu biyu farare, aka naɗe aka sa a ƙasan adaka. Mu duka mun san na mene ne, ba mai faɗa. Ranar da Allah ya karɓi abarsa, da ɗaya aka yi mata likkafani. Auduga daga gonar gida, gurza da shiɓa da kaɗi nata, saƙa ta mijinta. Bai ƙara ɗaura wani wadari mai tsawo ba bayan nan. Da damina ta zo ya tuge itatuwan masaƙar kamar yadda ya saba kowace shekara, da rani ya dawo bai mayar ba. Zugu na biyun ya jira shi shekara uku. Allah ya jiƙansu da rahama.

Na daɗe ina zaton mu kaɗai wannan ya faɗa wa, sai da na karanta tarihin Andrew Carnegie, attajirin ƙarfen nan na Amurka. A garin Dunfermline na Sikotlan aka haife shi a 1835, ubansa masaƙin hannu ne da ke aiki a gida. Da injuna suka karɓe aikin, uwarsa ce ta riƙe gidan da ɗan kanti da ɗinkin takalma, har suka tattara suka yi ƙaura zuwa Amurka a 1848. Ina karantawa ina ganin Kaka da awakinta. A can Sikotlan ɗin kuma, a tsibiran da ake kira Outer Hebrides, akwai yadin ulu mai suna Harris Tweed, wanda dokar majalisar Birtaniya ta 1993 ta ce ba zai amsa wannan suna ba sai in mutanen tsibiran ne suka saƙa shi da hannu a gidajensu. Sun shigar da gida cikin doka, sun sa wa kayan hatimi, duniya na saye da tsada. Amma ko a can, zaren yanzu injin ne ke kaɗa shi. Masaƙi ya sami doka ta tsare shi, mai kaɗi ba ta samu ba.

Taskirar Kaka Goggo ce ta gada, da mazaranta da guntun allinta. Ambaliyar da ta ci fadamar Rima a watan Satumba na 2010 ta rushe ɗakin Goggo a ƙauyensu, ta tafi da komai, Allah ya tsare rayuka. Abin da ya rage a hannuna gwado ne guda, fari da ratsin baƙi, wanda nake rufa da shi lokacin hunturu. Akwai wuri ɗaya kusa da gefensa da in ka shafa a hankali za ka ji inda aka haɗa zare. Ba ƙulli ba ne, murza bakin biyu aka yi suka shige juna, irin haɗin da Baba Tsoho yake yi. 'Yata ta tambaye ni yadda ake yi, ban iya ba ta amsa ba.

Tsofaffin da suka iya abin nan ba su ƙare ba tukuna, amma rashin tsaron da ya addabi gabashin Sakkwato ya tarwatsa da yawa daga ƙauyukansu, wasu suna zaune a gidajen dangi a Wurno da Rabah da Goronyo, wasu a Gandi da Achida, hannu babu abin yi. Mai karatu, in akwai irin wannan tsohuwa a gidanku ko a unguwarku, ka nemo mata auduga a wannan rani. Ka zaunar da ɗiyarka da ɗanka kusa da ita, su ji sunan kowane abu daga bakinta, su gwada da hannunsu. In ta kaɗa zaren, ka saya. In ta ce albarka, ka ƙara.